FASHIN BAƘI: Abin da ke sa firintar 3D ta ɓata aiki a Dutsin-Ma da Kurfi

Tun da haƙƙin mallakar fasahar da kamfanin Stratasys na Amurka ke riƙe da shi ya ƙare a 2009, farashin firintar 3D ta kan tebur ya yi ta sauka, har ta zama abin da ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko mai gyaran waya a Kurfi zai iya sa wa rai. Na'urar na narka zaren roba mai kaurin milimita 1.75, ta fitar da shi ta wani tsukakken baki, ta riƙa ɗora shi hawa-hawa har siffa ta fito.

Sai dai akasarin littattafan jagorar an rubuta su ne don ɗakin da babu ƙura, wuta kuma ba ta ɗaukewa. Shi ya sa yawancin aibin da ake ɗora wa na'urar a nan, laifin yanayi ne da lantarki.

Da hunturu, gefen abin da ake bugawa kan ɗago daga faranti ya lanƙwashe, domin iska mai sanyi na sa roba ta tsuke da wuri, ƙura kuma ta hana ta kama faranti. Maganin shi ne a rufe taga, a goge farantin da sifirit, a ɗumama shi zuwa digiri 50 ko 60 idan zaren PLA ne. A kuma daidaita tazarar baki da faranti, yadda takarda ɗaya za ta wuce da ɗan tirjiya. Ƙurar da ta maƙale a jikin zare ma takan toshe bakin, wanda faɗinsa yawanci milimita 0.4 ne kacal. Ɗan soso da aka ɗaura wa zaren kafin ya shiga yakan tare ta.

Damina da tata matsalar. A watan Agusta zare na shan danshi, sai a ji yana ƙara ƙas-ƙas a baki, aikin ya fito da ƙuraje da siraran zaruruwa kamar saƙar gizo. Mutane da dama kan hau sauya saiti a kwamfuta, alhali busar da zaren na awa huɗu zuwa shida a zafin digiri 45, da adana shi cikin mazubi mai murfi, ya wadatar. Da bazara kuwa, abin da aka buga da PLA kan yi laushi idan aka bar shi cikin mota a rana, tunda tun daga wajen digiri 60 yake fara saki.

Idan hawa ya goce gefe guda, a duba bel, ƙila ya saki.

Babbar asarar dai ta lantarki ce. Aikin awa takwas kan lalace idan wuta ta ɗauke a awa ta bakwai, kuma ko na'urar da ke iya ci gaba daga inda ta tsaya takan bar tabo a wurin, ko farantin ya huce abin ya ɓamɓare. Zaren kuwa galibi daga waje ake shigo da shi, farashinsa na bin dala, wadda ta yi tsalle tun da gwamnati ta saki naira a watan Yunin 2023. Don haka duk mai shirin sayen firinta a yankin, inda KEDCO ke raba wuta, ya kamata ya sanya kuɗin inbata da batir cikin lissafi tun kafin ya biya kuɗin na'urar.