Motar Iyali Mai Kama da Jif

A bakin dillalai da masu saye, duk motar da ta ɗan ɗaga daga ƙasa kuma bayanta a rufe yake har ƙarshe, sunanta jif. RAV4 jif ce, Highlander jif ce, Prado ma jif ce. Wannan suna guda da aka raɗa wa motoci iri biyu shi ne tushen kuskuren da magidanta da dama ke yi ranar da suka tashi sayen motar iyali. Prado da Land Cruiser da Hilux, an ɗora jikinsu ne a kan shasin ƙarfe mai siffar tsani, irin ginin motar ɗaukar kaya, don su jure wahalar daji. Su kuwa RAV4 da CR-V da Highlander da Venza da Lexus RX, jiki da shasi a haɗe suke, kamar yadda ake ƙera Corolla ko Camry. Turawa na kiransu kurosoba, wato ruwa biyu ne: surar jif, ƙashin ƙaramar mota. Toyota ta fito da RAV4 a 1994, Honda ta biyo baya da CR-V a 1995 a kan tushen Civic, Lexus RX300 ta shiga kasuwa a 1998, sannan Highlander ta bayyana a 2000 a kan tushen Camry. An yi su ne don iyalan birane masu son zama a sama, da but mai faɗi, da tuƙi mai laushi.

Wanda ya sayi kurosoba yana sane da cewa ƙaramar mota ce aka ɗaga, ya sami motar da ta fi dacewa da yawancin iyalan garuruwanmu. Wanda ya saye ta da zaton jif ce, zai ɗora mata abin da ba a yi ta dominsa ba, ya ƙare a gareji. Kuma tunda ƙaramar mota ce a asali, awon da ya kamata a yi mata shi ne awon motar yau da kullum: man da take sha, bakaniken da ya san ta, kayan gyaranta, da irin rayuwar da ta yi kafin ta iso hannunka. Dattawa sun san wannan awo. Fijo 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ta yi zamani a gidajenmu saboda ƙarfin ƙafarta, amma abin da ya tsawaita zamaninta shi ne ko a ƙauye ta tsaya, akwai wanda zai buɗe bonet ya gane ciwonta, kuma kayanta na nan a kasuwa mafi kusa.

Amfanin kurosoba na gaske yana ƙarƙashinta. Tazarar da ke tsakanin cikinta da ƙasa ita ce ke hana ta gogar tudun rage gudu, da bakin kwata, da ramukan da damina ke bari a layukan unguwa. Sai dai ba duka suke da tsayi ɗaya ba, kuma ido na yaudara. Highlander da Venza ta farko suna da tazarar kusan santimita 20, amma RAV4 ta 2013 zuwa 2018 ba ta wuce kimanin 16 ba, abin da bai fi na Camry da yawa ba. Mai saye ya durƙusa ya leƙa, ya ga inda kaskon baƙin mai da salansa suke, sannan ya tuna cewa idan mutum biyar suka shiga aka loda buhun shinkafa da jarkar mai a baya, motar za ta ƙara zama.

Za a ce hanyoyinmu sun lalace, don haka dole a nemi wadda tayoyinta huɗu duk ke ja, mai haruffan AWD ko 4WD a bayanta. Akwai gaskiya a maganar ga wanda aikinsa ko gonarsa ke bayan rairayi da laka. Irin wannan mutum ma ba kurosoba yake buƙata ba, Hilux ko Prado yake buƙata, masu giyar ƙarfi ta musamman. A yawancin kurosoba, tayoyin gaba ne ke jan motar kusan kullum, sai sun fara sulɓi sannan a tura ɗan ƙarfi baya. An shirya tsarin ne saboda ƙanƙara da santsin titi a ƙasashen sanyi. Rami da gargada ba jan taya huɗu ke maganinsu ba, tsayi ne da taya mai kauri da shokozoba mai lafiya. Abin da tsarin ke ƙarawa mai shi shi ne nauyi, da ƙarin shan mai, da wasu sassa a ƙarƙashin mota masu buƙatar nasu man giya, waɗanda sau da yawa ba a tuna su sai sun fara kuka. Yana kuma son tayoyi huɗu iri ɗaya masu cin ƙasa ɗaya, alhali al'adarmu ita ce a sauya taya guda idan ta fashe, ko da ta hannu ce. Ga magidancin da zirga-zirgarsa ba ta wuce makarantar yara, kasuwa, ofis, da zuwa gida lokacin Sallah ba, mai jan gaba kaɗai ta wadatar.

Batun mai ya sauya lissafi gaba ɗaya tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. A ma'aunin hukumomin Amurka, Highlander ta 2010 mai silinda shida tana cin kusan lita 120 a tafiyar kilomita 1,000, RAV4 ta shekarar mai silinda huɗu kusan lita 100, Corolla kuwa kusan 80. Wannan awo ne na sabuwar mota a kan titi mai kyau. Tsohuwar mota a cunkoson Kano cikin zafin Afrilu, da na'urar sanyi a kunne, ta fi haka ci. Ga mai tafiyar kilomita 1,000 a wata, lita arba'in tsakanin Highlander da Corolla kuɗin cefane ne, kuma ba sau ɗaya ake biyansa ba, duk wata ne. Injin silinda shida yana da daɗin tuƙi a doguwar hanya, musamman wajen wuce tirela, amma sai mutum ya tambayi kansa sau nawa a shekara yake hawa doguwar hanyar.

Inda ya kamata mai saye ya fi daɗewa shi ne tarihin motar. Yawancin kurosoba da ke kasuwarmu na hannu ne, waɗanda ake ce wa tokumbo ko 'yan Beljiyam, kuma kaso mai yawa daga Amurka da Kanada suke zuwa, wasu daga gwanjon motocin da kamfanonin inshora suka sallama bayan haɗari ko ambaliya. Wadda ta yi haɗari aka gyara da kyau tana iya yin shekaru. Wadda ta sha ruwa kuwa ciwonta a ɓoye yake, domin tsatsa na cin wayoyi da ƙwaƙwalwar mota a hankali, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga. Alamunta na kusa: a ɗaga kafet a shinshina, a duba kusoshin da ke riƙe da kujeru ko sun yi tsatsa, a zaro bel ɗin kujera har ƙarshe a ga ko akwai layin laka, a ɗaga tayar safaya a duba ramin da take kwance. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, a gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa. Da wannan lamba ana iya sayen rahoton tarihin motar a intanet, a ga ko an taɓa sallama ta, a kuma kwatanta nisan tafiyar da aka rubuta mata a can da wanda agogonta ke nunawa a nan, tunda mayar da agogo baya sananniyar sana'a ce. Da ita kuma ake duba ko motar na cikin waɗanda aka yi wa kiranye saboda jakar iskar kamfanin Takata, wadda ta shafi motoci miliyoyi, har da na Honda da Toyota. Sinadarin da ke cikinta yana lalacewa da zafi da laima, ya sa ta fashe da ɓaraguzan ƙarfe. Motar da ta baro Amurka ba a sauya mata ba, ta shigo ƙasa mai zafi da ciwon a jikinta. Sai takardun kwastam: a ranar 1 ga Janairu, 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, saboda haka duk wadda aka ce 'yar Kwatano ce, a tantance takardunta kafin a biya ko kwabo.

Suna mai kyau ma ba ya wanke kowace shekara. Injin lita 2.4 da ke cikin RAV4 ta 2006 zuwa 2008 ya yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai, har kamfanin ya tsawaita garantinsa a Amurka. Na lita 2.5 da ya maye gurbinsa daga 2009 ya fi kwanciyar hankali. Nissan ta tsawaita garantin giyarta mai suna CVT, wadda ke cikin Murano da Rogue, zuwa shekara goma ga motocin 2003 zuwa 2010, kuma wannan giya ba ta yafe man da ba nata ba. Lexus RX300 ta farko na da farin jini a titunanmu, amma mafi ƙanƙantarta ta haura shekara ashirin. Bakaniken da mai saye zai tafi da shi ya zama nasa, ba na dillali ba, ya zo da na'urar karanta ƙwaƙwalwar mota, ya kuma leƙa salansa ya tabbatar ba a cire abin tace hayaƙin nan da ake ce wa indomi ba.

Wani zai ce iyalin Bahaushe ba mutum huɗu ba ne, to me kurosoba za ta ɗauka? Wannan suka ce mai ƙarfi, kuma ba ta da amsa mai daɗi. RAV4 da CR-V da Venza, a yawancin samfurinsu, kujerun mutum biyar ne. Highlander na da layi na uku, amma na yara ne, kuma da an buɗe shi but ya kusa ƙarewa. Gidan da ke fita da mutum bakwai ko takwas a kai a kai, Sienna ta fi masa, duk da cewa ta fi ƙasa kuma ba ta da kwarjinin jif a ƙofar gidan biki. Cusa yara shida a kujerar mutum uku, ko ɗora jariri a cinya a gaba, shi ne babban haɗarin da ke cikin sayen motar da ta yi wa gida kaɗan. Haka zancen cewa doguwar mota ta fi tsaro, rabinsa ne gaskiya. Nauyinta na taimakawa idan aka yi karo da ƙaramar mota, amma tsayinta na sa ta fi saurin wuntsilawa idan taya ta fashe a guje ko aka kauce wa rami da ƙarfi. Akwai na'urar da ke daidaita mota idan ta fara zamewa, Toyota na kiranta VSC, Honda kuma VSA, wadda Amurka ta wajabta a motocin 2012 zuwa sama. Idan fitilarta ta ƙi mutuwa bayan an tayar da mota, ko ba ta kama ba sam lokacin da aka murɗa makulli, a bincika.

Suka ta ƙarshe ita ce irin wannan shawara kullum tana komawa kan Toyota da Honda, har ta sa tsofaffinsu suka yi tsadar da ba ta dace da shekarunsu ba, alhali ga Hyundai da Kia, ga sababbin motocin Sin, ga Innoson da ake harhaɗawa a Nnewi. Haka ne, kuma babu dalilin bauta wa suna. Tucson ko Sportage mai ƙarancin shekaru da lafiyayyen tarihi ta fi RAV4 da ta sha ruwa. Sabuwar mota mai garanti kuma ta fi kowace tokumbo ga wanda aljihunsa ya kai, muddin kamfanin na da wurin gyara a garinsa. Gwajin dai ɗaya ne ga kowace: kafin a biya, a ɗauki sunan motar da shekararta a shiga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, a tambayi kuɗin shokozoba, da famfon mai, da fitilar gaba, da lagireto. Idan amsar ita ce sai an aika Ladipo a Legas, ko sai an yi oda daga waje, mai saye ya san kwana nawa motar za ta riƙa yi a ajiye duk lokacin da ta yi ciwo.

Kuma kada kuɗin ya ƙare a hannun dillali. Motar hannu tana buƙatar hidima a makon farko: baƙin mai, man giya irin wanda kamfanin ya rubuta, man birki, da inshorar da tun Janairun 2023 mafi ƙarancinta naira 15,000 ce. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 na 2019, kuma tayar da ta tsufa tana fashewa a kwalta mai zafi ko da zanenta bai cinye ba. Ƙurar hunturu na toshe matatar iska da wuri, don haka a riƙa duba ta fiye da yadda littafin motar ya ce. Idan kuma bakanike ya ba da shawarar cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi, kada a yarda. Injin waɗannan motoci an tsara shi ne ya yi aiki a wani mizanin zafi, idan bai kai ba ƙwaƙwalwar mota za ta ci gaba da zuba masa mai fiye da kima. Injin da ke zafi, a nemi dalilin a lagireto, ko murfinsa, ko famfon ruwa, sannan a zuba ruwan sanyaya inji na gaske maimakon ruwan rijiya.