Tseren Keke: Shekara Biyu Kacal Yaron Kumbiya-Kumbiya Ke Da Su

Duk mutumin Gombe da neman abinci ya kai shi Ikko ko Badun ko Fatakwal, in an ambaci Kumbiya-Kumbiya ba sai an yi masa kwatance ba. Unguwa ce a cikin garin Gombe, kuma kamar su Bolari da Herwagana da Jekadafari, da wuya a sami yaron da ya tasa a cikinta bai iya keke ba. A kan keke ake aikensa kasuwa, a kansa yake zuwa makaranta, in kuwa ya gamu da abokinsa titi ba mota, sai tsere. Abin da yawancin iyaye ba su sani ba shi ne, wannan tseren da suke tsawata wa yara a kai wasa ne mai doka da alƙalai a duniya, kuma ƙofar shigarsa tana da wa'adi.

Hukumar tseren keke ta duniya, watau UCI, wadda aka kafa a 1900, ta kasa 'yan tsere aji-aji bisa shekarunsu. Ajin matasa na masu shekara 17 ne da 18, kuma da shekarar haihuwa ake lissafi, ba a duban wata. Misali, yaron da aka haifa a 2010 zai shiga ajin a 2027, ya fita a ƙarshen 2028. Daga nan sai karawa da waɗanda suka girme shi. Ke nan wanda bai sami keke da takarda da mai koyarwa a cikin waɗannan shekaru biyu ba, sau da yawa ya yi sallama da wasan, komai ƙarfin ƙafarsa.

Tsere iri biyu matashi yake shiga a kan titi. Na farko shi ne tseren agogo. A nan ba a tashi tare. Ana sallamar 'yan tsere ɗaya bayan ɗaya, galibi da tazarar minti guda, kowa ya tuƙa shi kaɗai, wanda ya cinye tafiyar a lokaci mafi ƙanƙanta shi ya ci. An hana ɓuya a bayan wani don tsira daga iska. Kuskuren da yara suka fi yi shi ne su fita da dukkan ƙarfinsu tun farko, kafin rabin hanya numfashi ya ƙare. Gwani yakan raba ƙarfinsa daidai, ya sunkuyar da kai da kafaɗa don ya rage dukan iska, ya isa layi babu sauran abin da ya rage a jikinsa.

Na biyu shi ne tseren taron dangi, inda kowa da kowa ke tashi lokaci ɗaya, wanda tayarsa ta fara taka layi shi ne zakara. Wannan kuwa dabara ta fi ƙarfi aiki a cikinsa, domin wanda ya lafe a bayan wani yana rage wa kansa wajen kashi ɗaya cikin uku na wahala. Saboda haka yaron da ya yi ta jan ayari a gaba don a gan shi, shi ake wucewa a mitocin ƙarshe. Sai ya koyi lokacin da zai lafe, da lokacin da zai ɓalle, da yadda zai ci ya sha a kan keke ba tare da ya tsaya ba. A gasar duniya da aka yi a Kigali ta ƙasar Ruwanda a watan Satumba na 2025, wadda ita ce ta farko a Afirka, samarin ajin matasa sun yi tafiyar da ta ɗan haura kilomita 20 a tseren agogo, da kusan kilomita 120 a tseren taron dangi, watau wajen kashi uku cikin huɗu na tafiyar Gombe zuwa Bauchi.

A dā akwai dokar da ta taƙaita wa matasa giya: in feda ta zagaya sau ɗaya, kada keken ya wuce mita 7.93. An soke ta daga farkon 2023. Amma hular kwano tilas ce har yanzu, haka kuma lasin daga hukumar tseren keke ta ƙasa.

Wanda ke shakkar inda ajin matasa ke kai mutum, ya dubi Biniam Girmay na ƙasar Eritiriya. A 2018, yana wannan aji, ya ci tseren agogo da na taron dangi a gasar Afirka, aka ɗauke shi zuwa cibiyar horaswa ta UCI a ƙasar Suwizalan. A 2024 ya ci zango uku a babban tseren nan na Faransa, Tour de France, ya zama baƙar fata na farko daga Afirka da ya ci zango a cikinsa. A Nijeriya kuwa, Ese Ukpeseraye ce ta fara wakiltar ƙasar a tseren keke na Olamfik, a Paris a 2024, kuma da aka zo tseren cikin fili sai da ƙungiyar Jamus ta ara mata keke. In wadda ta kai Olamfik ta yi aron keke, to, ina ga yaron unguwa?

Nan ne gizo ke saƙar. Gombe ba ta rasa wajen horo ba. Ga titin Bauchi, ga na Dukku, ga na Biu, ga wanda ya bi ta Kumo da Billiri zuwa Kaltungo, akwai hawa akwai gangara. Abin da ke wuya shi ne kayan aiki. Rali ko Finis na zuwa kasuwa ba zai iya karawa da keken tsere mai giya da siraran tayoyi ba, wanda doka ta yarda nauyinsa ya sauka har kilo 6.8. Taya da sarƙa da birki kuma ci suke yi, sai an riƙa sauyawa. Bayan wannan ga maganar takardar haihuwa, wadda rashinta kaɗai ya isa ya hana yaro shiga ajinsa.

To, a nan ne 'yan Arewa mazauna Kurmi ke da abin yi. Wanda ke da ɗa ko ƙane a gida mai son keke, ya fara da yankar masa takardar haihuwa a ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tun bai kai 15 ba. Sa'an nan a kai shi hukumar wasanni ta jiha ya sami mai koyarwa, domin ta hannun jihohi ake zuwa Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara a Ikko a 1973. Keken tsere na hannu ya fi samuwa a Ikko, kuma ƙungiyar 'yan gari guda tana iya yin karo-karo ta sayi ɗaya ta aika gida, yara uku su riƙa amfani da shi. A haɗa da hular kwano, a kuma sa sharaɗi: horo da sassafe kafin motoci su yawaita, makaranta kuwa ba fashi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da yau yake tsere da abokinsa a titin Kumbiya-Kumbiya ba zai daɗe yana ɗan 17 ba.