Yadda Ake Buga Sulallan Gwaji

Sulallan gwaji, waɗanda ba don cinikin kasuwa ake buga su ba, asalinsu maƙera ne ke jarraba hatimi da su, daga bisani suka zama abin ajiyar ma'abota sha'awa. Akan goge faifan ƙarfen da hatimin har su yi sheƙi, sa'an nan a buga sau biyu ko fiye, domin zanen ya fito sarai alhali filinsa yana ƙyalli tamkar madubi.

A Amurka, cikin 1908, aka soma fesa wa na zinariya yashi don su dushe, amma masu saye ba su yi na'am ba. Bugun sulallan gwaji baki ɗaya ya tsaya bayan 1916, sai 1936 aka komo. Haƙiƙa mai sheƙin ya fi bayyana gwanintar maƙeri.