Me ya sa kwalekwale ke kifewa idan ka miƙe?

Daga birnin Zazzau zuwa kogin Galma ba nisa, ga mai son koyon kamun kifi a kwalekwale. Sai dai kuskuren sabon shiga kusan ɗaya ne: kifi ya ja fatsa, ya zabura ya miƙe. Kwalekwale siriri ne. Da ka miƙe, nauyinka ya koma sama, ɗan karkata kaɗan sai bakinsa ya sha ruwa. Zauna a tsakiya, ka ja a hankali.

Rigar kariya daga nutsewa kuwa, aikinta irin na goran masunta ne: iskar cikinta ke ɗaga ka. Amma gora kan suɓuce, ita a ɗaure take. Ko ka iya iyo, sa ta, musamman a Agusta da Galma ke tumbatsa.