Idon Sama Da Ƙafar Manomi

Ya ku manoman gero da dawa da masara na ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, ku sani cewa daga cikin hikimomin da Allah Ya hore wa bayinSa a wannan zamani akwai taurarin ɗan Adam da ke kewaya duniya suna ɗaukar hoton gonaki, tun daga Landsat na Amurka da aka harba a 1972, har zuwa Sentinel-2 na Turai, wanda ke komowa bisa gona guda duk bayan kwana 5. Nijeriya ma ta harba nata, NigeriaSat-1, a 2003.

Asirin al'amarin yana ga ganye, domin lafiyayyen ganye yakan shanye jan haske, ya mayar da wani haske da idon mutum ba ya riskarsa. Idan kuwa ƙishirwa ko ƙarancin taki ko cuta ta taɓa shi, sai abin da yake mayarwa ya raunana, na'ura ta auna raunin, sau da yawa tun kafin mai wucewa ya ga yaushi. Fa'idar wannan a fili take, musamman ga masu noman rani a gefen madatsar Zobe, inda hoto zai iya nuna ɓangaren da ruwa bai isa ba.

Amma wajibi ne a san haddin wannan ilimi, gama hoto yana nuna inda shuka take wahala ne, ba ya faɗin sababi. Tabo guda yana iya zama wuta-wuta, ko tsutsar nan mai cin zuciyar masara da ta bayyana a Nijeriya a 2016, ko kuwa jigawa ce ta gaji. Gajimaren Agusta yakan rufe ƙasa daidai lokacin da aka fi bukatar gani, gonar da aka haɗa gero da wake kuwa takan rikita ma'auni.

Saboda haka, wanda aka nuna wa hoton gonarsa a waya kada ya yi gaggawar sayen maganin feshi, har sai ya taka wurin da ƙafarsa, ya buɗe zuciyar kara, ya tona gindi, sa'an nan ya shawarci malamin gona na hukumar KTARDA ko masana a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Feshi bisa zato asarar dukiya ce, kuma illa ga lafiyar iyali.