ƊAKIN GWARI: YADDA MATA SUKA SAMI WURI A MAKARANTAR TUKWANE TA ABUJA

Duk ɗan Arewan da ke ci rani a Ikko ko Badun ko Fatakwal, in ya juya takardar naira 20 zai ga wata mace tana ginin tukunya. Sunanta Ladi Kwali, Bagwariya ce daga garin Kwali, ba ta kuwa taɓa zama ajin boko ba. Tun tana yarinya ta koyi sana'ar a hannun wata 'yar'uwar iyayenta, domin a ƙasar Gwari ginin tukwane aikin mata ne.

Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara tukwanenta a fadarsa saboda kyawunsu. A can ne wani Bature ɗan Ingila, Mista Michael Cardew, ya gan su. Shi ne Gwamnati ta ɗora wa aikin kafa makarantar koyon ginin tukwane a tsohuwar Abuja, watau garin da yanzu ake kira Suleja. Da aka buɗe makarantar maza zalla aka ɗauka, ana koya musu aiki da keken juya yumɓu da gashi a tanderu, su kuwa mata masu sana'ar tun kaka da kakanni suna waje.

A shekarar 1954 aka ɗauki Ladi, ta zama mace ta farko a wurin. Ta koyi aikin keke kamar kowa, amma ba a raba ta da hanyar gidansu ba. Ta ci gaba da gina manyan randuna da hannu, tana zana musu kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi, sa'an nan a shafa musu maganin ƙyalli, a gasa su a wuta mai tsanani har su fito kamar tangaran. An nuna aikinta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, ta kuma zaga Amurka a 1972 tana ginin tukunya a gaban ɗalibai.

Abin lura a nan shi ne Ladi ba ta shiga ta ja ƙofa ba. Kafin Mista Cardew ya bar aiki a 1965, mata huɗu sun biyo sawunta: Halima Audu da Lami Toto da Asibi Ido da Kande Ushafa. Suka sami ɗaki guda suna aiki tare, suka raɗa masa suna Ɗakin Gwari. A nan baƙuwa ba ta rasa mai jin yarenta, in kuma randarta ta fashe a wuta akwai wadda za ta nuna mata inda ta kuskure. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sannu a hankali manyan makarantu su ma suka farga. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Ladi digirin girmamawa na dakta, watau dai jami'a ta yarda cewa akwai ilmin da ba a takarda yake ba. Ta rasu a Minna ran 12 ga watan Agusta 1984, makarantar Suleja kuma aka sa mata sunanta.

To, jama'a, wannan labari ya shafi mazauna Kudu. Akwai 'ya'yanku mata masu basirar zane ko saƙa ko rini da kan sami shiga makarantu irin su Kwalejin Fasaha ta Yaba. Sau da yawa yarinya kan tarar ita kaɗai ce 'yar Arewa a ajinta, a gida kuma ana ce mata wannan ba karatu ba ne. In ba ta sami mai ƙarfafa mata gwiwa ba, sai ta watsar.

Maganin abin ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Hukumar makaranta ta ware wa irin waɗannan ɗalibai wurin aiki tare, ta kuma riƙa gayyatar gwanayen gargajiya su koyar ko da ba su da satifiket. Ɗaliban da suka riga shiga su ja na bayansu. Ƙungiyoyin 'yan Arewa da sarakunan Hausawa na Sabo da Agege su halarci bikin nunin kayan yaran, su sayi abin da ya samu. Iyaye kuma, kafin su hana 'yarsu, su fara duba bayan naira 20 tukuna.