Ƙunshin Farce a Gida: Launi Mai Hawa Uku

Idan salla ta matso, ko an sa ranar biki, matan Yauri suna shiga hidimar ado. Ana kitso, ana ɗinki, ana ƙunshi. A ƴan shekarun nan wani sabon ado ya shigo. Ƴan mata suna ganinsa cikin wayar salula, suna ganinsa kuma a hannun matan birni, a Damagaram da Kano. Farce ne mai launi hawa-hawa: gindinsa da haske, tsakiyarsa ta ɗan yi duhu, bakinsa ya yi duhu sosai. Ba a ganin iyaka tsakanin launi da launi. Sunan adon ombre. Kalmar Faransanci ce, ma'anarta abin da aka yi wa inuwa.

Mace tana iya samun irin wannan ado a ɗakinta, da lallen da ta saba da shi. Abin da yake buƙata shi ne lokaci da haƙuri.

Yadda ake yinsa a birni

A birni ana yinsa da wani jan farce mai kauri, ana ce masa jel. Ana ɗiga launi biyu a kan ɗan soso, a dinga dannawa a kan farce har launukan su shiga juna. Jel ba ya bushewa da iska. Sai an sa hannu cikin wata fitila ta musamman mai aiki da wutar lantarki, minti 1 ko 2, kafin ya daskare. Yana ɗaukar sati 2 zuwa 3. Ruwa da sabulu ba sa cire shi, sai an jiƙa farcen cikin wani ruwan magani mai suna asiton. Wadda ta ɓanɓare shi da ƙarfi tana ɓanɓarowa da bayan farcenta.

Akwai wasu matsaloli biyu. Ta farko, jel yana rufe farce ruf, ruwa ba ya kai gare shi. Malamai sun yi bayani cewa abin da ya hana ruwa taɓa farce sai an cire shi kafin alwala. Launin lalle kuwa ba ya hana ruwa. Ta biyu ta lafiya ce. Jel ɗin da bai daskare ba, in yana yawan taɓa fata, yana iya kawo ƙaiƙayi da kumburin yatsu. Tun ran 1 ga Satumba 2025, ƙasashen Tarayyar Turai sun hana sayar da jel mai wani sinadari da ake kira TPO, domin gwajin da aka yi a kan dabbobi ya nuna yana iya taɓa haihuwa.

Abin da ke cikin ganyen lalle

A cikin ganyen lalle akwai wani rini, masana suna kiransa loson. Wannan rini yana kama fata da farce da gashi, yana shiga cikinsu. Gwargwadon daɗewar kwaɓin lalle a wuri, gwargwadon yawan rinin da ke shiga. In an maimaita, launi ya ƙara duhu. Wannan shi ne asirin aikin duka: inda lalle ya daɗe ya yi duhu, inda bai daɗe ba ya yi haske.

A fata, lalle yana fitowa ruwan goro ran farko. Iska ce take nunar da shi, cikin kwana 2 ya yi ja sosai. Yana kwana 7 zuwa 21 kafin ya goge. A farce kuwa ba ya gogewa, sai dai farcen ya tsiro a yanke. Farcen hannu yana tsiro kamar milimita 3 a wata, wato kamar ƙwayar dawa guda. Kafin ya sake gaba ɗaya sai wata 4 zuwa 6.

Kayan aiki

Ganyen lalle, lemun tsami 2 ko ruwan tsamiya, sukari cokali 1, tsinke, auduga, leda ko tsumma mai tsabta, da ɗan man gyaɗa.

A shanya ganyen a inuwa. A daka shi ya yi laushi, a tankaɗe da rariya mai ƙananan idanu. In garin kasuwa za a saya, a duba launinsa. Sabon gari kore ne, yana ƙamshin ganye. Wanda ya daɗe ya koɗe ba ya kamawa da kyau.

A kwaɓa garin da ruwan lemun tsami da sukari, ya yi kaurin fura mai kauri, kada ya yi ruwa. A rufe a ajiye awa 6 ko a bar shi ya kwana. Tsami yana taimaka wa rinin ya fito daga ganyen. Sukari yana sa kwaɓin ya manne, kada ya bushe da wuri ya zube.

Yadda ake ƙunshin

A wanke hannu da sabulu, a bar shi ya bushe. Kada a shafa mai a kan farce, domin mai yana hana lalle kamawa. Wadda ba ta son lalle ya taɓa fatar yatsa, sai ta shafa man a gefen farcen kawai.

Hawa na 1: a rufe farcen duka da kwaɓi. A bar shi rabin awa zuwa awa 1, a kankare. Farcen zai yi ruwan goro mai haske.

Hawa na 2: a sa kwaɓi daga tsakiyar farce zuwa bakinsa. A ɗauki tsinke a ja gefen kwaɓin zuwa wajen gindin farce, ya yi sirara. Da haka ba za a ga layi a tsakiya ba. A bar shi awa 2 zuwa 3.

Hawa na 3: a sa kwaɓi mai yawa a bakin farce kaɗai. A sake jan gefen da tsinke. A lulluɓe da auduga, a ɗaure da leda, a kwana da shi. Kada ɗaurin ya matse yatsa har jini ya kasa gudu.

Da safe a kankare, a shafa man gyaɗa. A yi ƙoƙari hannu ya yini bai shiga ruwa da yawa ba. Haka ma ake yi in ana son launin ya hau yatsu: hawa na 1 ya kai gaɓa ta biyu, na 2 ya tsaya a gaɓa ta farko, na 3 a kan yatsa kawai.

Aikin yana cin yini da dare, launin kuma yana son kwana 2 kafin ya nuna. Don haka a fara kwana 3 kafin salla ko biki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bayan wata 1, sabon farce fari zai fito a gindi. A sa masa lalle na rabin awa, adon ya dawo sabo.

Hatsarin dayis

Lalle na gaskiya ba ya yin baƙi ƙirin cikin ɗan lokaci. Abin da ake kira dayis ko baƙin lalle, mai kamawa kafin awa 1, yawancinsa rinin gashi ne. A cikinsa akwai sinadari mai suna PPD. An yi shi don gashi, ba don fata ba. Ga wasu mata yana kawo ƙaiƙayi, wurin ya kumbura, ya yi bororo kamar ƙuna, ya bar tabo. Wani lokaci ciwon yana fitowa cikin kwana 2, wani lokaci sai bayan sati 1 ko 2. Wadda jikinta ya taɓa ƙin sa, har abada ba zai karɓe shi ba, ko a gashi ne. Guba ne kuma in an sha, yana kisa. A ajiye shi nesa da yara, kada a kwaɓa shi cikin kwanon abinci.

Kafin a sayi gari ko ƙullin lalle a kasuwar Matamai ko wata kasuwa, a karanta abin da aka rubuta a jikin kwalin. In an ga haruffa ukun nan, P-P-D, kada a sa shi a fata. In ba a rubuta kome ba, kuma garin baƙi ne, a bar shi.

Wadda ta yi ƙunshi ta ji zafi ko ƙaiƙayi, ta wanke nan da nan da ruwa mai yawa da sabulu. In wurin ya kumbura, ta je likita, ta riƙe kwalin a hannu. In fuska ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, kada a jira gari ya waye.

Jarirai

Kada a yi wa jariri lalle, ko da na gaskiya ne. Akwai yaran da ake haifa da wani rauni a jini, likitoci suna kiransa ƙarancin G6PD. Ya fi yawa ga yara maza, kuma ba a gane shi da ido. Ga irin wannan jariri, rinin lalle yana iya fasa ƙwayoyin jini. Ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, jiki ya yi laushi. Uwar da ta ga haka ta kai shi likita da gaggawa.

Ganyen lalle, lemun tsami da sukari duk suna kusa, kuɗinsu kaɗan ne. Mace ta daka nata, ta san abin da ta sa a hannunta, ta yi alwalarta ba tare da shakka ba. Wadda ta iya hawa ukun nan ta koya wa ƙannenta da maƙwabtanta tun salla ba ta zo ba.